Ba Dodo Ba Ne, Agwagina Ne

Luong Khac, kai maƙaryaci ne, ko a gaban kabarin kakanninka zan maimaita. Babu wani dodon ruwa. Agwagina ne.

Shekarar da ka yi wa sarkin Sin tawaye, ka iso ƙauyenmu da mutum arba'in, ƙafa duk taɓo, dawakin Sinawa na bin ku. Ka durƙusa bakin tafkina ka ce, "Inna Thom, sawunmu zai tona mana asiri." Na ce, "Tashi, ɗan nan, kana firgita min tsuntsaye." Na ɗauki gorata na kora agwagi ɗari biyu a bayanku, suka tattake fadamar shinkafa har sawun ya ɓace. Da Sinawa suka iso, kashin agwagi kawai suka tarar. Babbansu ya zame a ciki, ya zage ni da yarensu, suka juya.

Da kuka ci yaƙi kuka dawo da ganguna, agwagin nan kuka yanka na walima. Ni kuwa har romon kifi na zuba muku.

Bana sai ga malamanka masu dogayen riguna, suka kafa dutse mai rubutu bakin tafkin. Ban iya karatu ba, na sa Tao mai gari ya karanta min. Wai dodon ruwa ne ya fito ya share sawun mayaƙa da wutsiyarsa, don sama ta zaɓe ka.

Na ce, "Tao, dodon nan kwak-kwak yake yi?"

Ya ce, "Inna, rufa mana asiri. Tafki ya zama mai tsarki, an hana sa agwagi."

"To ina zan kai su? Kan gadonka?"

"Ki koma sayar da turaren wuta mana, baƙi na zuwa."

Agwagi goma sha ɗaya suka rage min, jikokin waɗanda suka cece ka. Suna tsugune cikin kwando, gashi na zuba, sun daina ƙwai, ga ƙatti can suna yi wa ruwan wankansu sujada. Sinawa sun daɗe suna kwashe mana shinkafa, amma ko su ba su taɓa hana agwagwa wanka ba.

Gobe da hantsi zan buɗe kwandon. Ka zo da ƙafarka, Luong Khac, ka tsaya gaban jama'a. Ko ka kira dodonka ya fito ya kore mu, ko ka faɗi wanda ya share sawunka, ka mayar min da tafkina.