Waken da Baba Ya Tuge

Da ambaliya ta janye daga gonarmu, masarar duk ta kwanta cikin laka tana wari. Maƙwabta suka naɗe hannu suna jiran gwamnati. Baba kuwa bai iya zama ba, ko zazzaɓi yake yi sai ya leƙa gona. Ya kwashe ruɓaɓɓen karan ya tara a gefe, Inna ta sayar da keken ɗinkinta aka sayi irin wake mai saurin nuna, muka shuka. Shi ne abincinmu na bana, babu wani a bayansa.

Waken ya tsiro gwanin sha'awa, har ya yi ganye. A lokacin ne rediyo ta ce za a biya manoman da ruwa ya yi wa ɓarna, kuma jami'ai na nan tafe.

Akwai mai shagon taki a bakin titi, mutumin da bai taɓa cewa "ban sani ba". Ya tare mu ni da Baba, ya jingina da buhu yana kaɗa ƙafa.

"Kai da ƙoƙarinka ka cuci kanka," in ji shi. "Su ɓarna suke biya, ba himma ba. In suka ga kore a gonarka, ko sisi ba za ka gani ba. Abin da za a bayar kuwa ya ninka wakenka."

"To yaya zan yi?" in ji Baba.

"Ka mayar da ita yadda ruwa ya bar ta mana."

Inna ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Ta ce wake dai ga shi a ƙasa ana gani, kuɗin gwamnati kuwa har yanzu a bakin rediyo yake. Da jin cewa jami'ai sun iso garin da ke gaba da mu, Baba ya tafi gona shi kaɗai. Na bi shi daga nesa. Da hannu ya riƙa tuge shukar, layi bayan layi, yana kawar da kai. Sannan ya kwaso ruɓaɓɓen karan ya baza a kai. Ban taɓa jin tausayinsa da haushinsa a lokaci guda kamar ranar ba.

Washegari jami'an suka sauka a makarantar firamare, suka ajiye tebur a baranda. Babu wanda ya tambayi hanyar gona. Da layi ya zo kan Baba, wani saurayi mai farar riga ya juyo masa da kwamfuta.

"Baba, yanzu ba ma zagayawa. Daga sama ake ɗaukar hoton gonaki, an ɗauka tun makon jiya. Ga taka nan, kore shar. Ba ka cikin waɗanda za a biya."

"Ranka ya daɗe, ka zo ka gani da idonka. Wallahi babu komai a cikinta."

"Ni abin da hoto ya nuna nake bi. Na gaba!"

Ba mu ga Baba a gida ba har la'asar. Inna ta aike ni gona da ruwan sha. Na same shi durƙushe a tsakiyar gona, ya ture karan gefe, yana tona rami da yatsa yana mayar da shukar ɗaya bayan ɗaya. Saiwoyin sun riga sun bushe, suna karyewa a hannunsa.

"Kar ki tsaya kallona," ya ce. "Zuba wa wannan."

Na zuba.