Ta Sikeli da Ta Gida

Asama'u ta matse ƙwayar gyaɗar tsakanin yatsunta, sai ta fashe, wani gari kore-kore ya tashi ya shige mata hanci. Ta kau da kai ta tofar da yawu. Wari ne irin na tsumman da aka manta a gindin randa. Amma ba ta jefar da ita ba. Ta saka ta a ƙwaryar hagu, inda 'yan'uwanta suka taru: baƙaƙe, yamutsattsu, masu saƙar tsutsa, masu furfurar fumfuna. A ƙwaryar dama kuwa jajayen ƙwayoyi ne cikakku, sai sheƙi suke yi.

Haka tsarin gidan mijinta Nababa yake a Kakangi. Kada kuma ku ce shi kaɗai ne, gidaje da yawa haka suke a shekarun nan da Turawa ba su daɗe da miƙa mulki ba, gyaɗa tana tashe. Ta dama ita ce ta sikeli, a ɗinke ta a buhu a kai Birnin Gwari, mota ta kwashe zuwa ƙasashen da ba wanda ya san hanyarsu. Ta hagu ita ce ta gida. Da ita ake dama kunu, da ita ake ƙuli-ƙuli, ita ake kaɗawa a miya. A shekarar kuwa ruwan ƙarshe ya sauka bayan an tuge gyaɗa tana shanye a gona, ga raɓar dajin nan da ba ta barin komai ya bushe. Sai ta gida ta yi yawa, ta kuma yi muni.

A bakin tabarma ɗanta yana zaune shiru, ƙudaje suna yawo a gefen bakinsa, ko korarsu ba ya yi. Sunansa na yanka Ibrahim, amma ba mai kiransa haka. Tun da aka yaye shi saboda cikin da ta samu, aka ɗora shi kan kunun gyaɗa safe da yamma, gashinsa ya yi laushi ya koma ja-ja, fatarsa ta yi haske, kumatunsa suka cika. Shi ke nan 'yan unguwa suka laƙaba masa Bature. Ubansa har ɗaga shi yake a ƙofar gida yana cewa, “Ku ji nauyi! Ɗan mai gyaɗa ke nan.”

* * *

Lidiya ce ta yi sallama, maƙwabciyarsu 'yar Gbagyi mai kiwon agwagi, da kwando a kafaɗa.

“Uwar Bature, me na yi miki da kika rama a kan 'ya'yana?”

“Yau kuma da me kika zo, sarkin surutu?”

Lidiya ta sauke kwandon ta karkata shi. 'Yan tsakin agwagwa ne a ciki, rawaya-rawaya, wuyansu ya langwaɓe, tururuwa har ta fara bin idanunsu. Asama'u ta toshe hanci da gefen zane.

“Ragowar gyaɗar nan da kika ɗebo mini ce,” in ji Lidiya. “Na daka na zuba musu. Uwar ta ci, ta yi ta layi kamar mijina ranar Kirsimeti, amma ta tashi, babba ce. Ƙananan ne ba su tashi ba.”

“Ko dai ciwon kaji ne?”

“Kajina lafiya lau, su dusa na ba su.”

Ta faɗi haka tana dariyar da ba ta kai ciki ba, sai idonta ya sauka kan yaron. Dariyar ta tsaya. Ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar, ta ɗaga. Ramin yatsan ya zauna, kamar an danna malmalar tuwo.

“Wannan ba ƙiba ba ce, ƙawata.”

Ai Asama'u ta sani. Ita ke wanke tsummokaransa, ita ta san irin zawon da yake yi mai ƙarni, ita ta ga fatar cinyarsa tana saɓulewa kamar tsohon yaɓen bango. Uwa takan san abu ta ƙi gaya wa kanta, sai wani ya furta shi ya zama gaskiya.

* * *

Da la'asar Nababa ya dawo daga tasha, bakinsa yana maiƙon tsire. Ya zauna a zaure da basilla da igiya yana ɗinke bakin buhuna. Ta zo ta durƙusa daga gefe.

“Malam, roƙo na zo yi. Mudu ɗaya daga ta sikeli, na riƙa dama wa yaron nan.”

“Ta gida ta ƙare ne?”

“Ba ta ƙare ba. Ita ce ta kashe 'yan agwagin Lidiya.”

Ya ɗago ya dube ta. “Ke, agwagwa kika haifa?”

“Ƙafarsa a kumbure take, Malam. Ka danna ka gani.”

“Da ta gida aka yaye ni, ga ni nan ina ɗaukar buhu ni kaɗai. Ki tace da kyau, ki ƙara tsamiya, ɗacin zai ɓace.” Ya ja igiya da haƙori ya tsinke. “Duk ƙasar nan an san gyaɗar Nababa. Ba a taɓa dawo mini da buhu ba, ba a taɓa cewa nawa bai cika ba. Ba zan fara a kan maganar mai agwagi ba.”

To, kun ji. Ba yunwa ce a gidan ba, wallahi. Buhunan nan a jere suke har sun kusa taɓa rufin zaure. Suna kawai mutumin yake kiwo, ya fi kula da shi fiye da abin da ya haifa.

Ranar Juma'a da ya tafi masallaci, Asama'u ta warware bakin buhu ɗaya. Ta ɗebi mai kyau cike da ƙwarya, ta tura hannu can tsakiya ta cusa ta gida a madadinta don kada nauyi ya ragu, ta ɗinke yadda ta ga yana yi. Ta soya, ta daka, ta dama. Kunun ya fito fari tas. Da ta ɗanɗana sai hawaye suka zubo mata, don ta manta cewa kunun gyaɗa ba ɗaci gare shi ba. Bature ya sha ludayi ɗaya, ya buɗe baki yana neman ƙari. Rabon da ya nemi ƙarin wani abu har ta manta.

* * *

A Birnin Gwari, akawun sikeli yana da wani ƙarfe mai rami da yake sokawa cikin buhu ya zaro samfur. Da Nababa ya kai kayansa, akawun ya soka a buhun nan da Asama'u ta taɓa, ya zuba a tafin hannu, ya sansana. Sai ya watsar, ya ciro hankici yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

“Haba Malam Nababa, har da kai? Wannan ai masu sayen sun ce ko kajinsu ba za su ba wa ba, kashe su take yi. Ɗauke mini ita daga nan.”

Manoman da ke layi suka kwashe da dariya. Wani ya ce, “Yau jakin Nababa zai koma gida da kaya!”

Za ku zaci a hanyar dawowa, cikin dajin nan mai tsawo, mutum zai haɗa maganar akawu da ta matarsa. Baki biyu sun gaya masa abu ɗaya. Ina! Dariyar kawai ya ji.

Ya jefar da buhun a tsakar gida. “Kin tozarta ni a gaban mutane.”

“Malam, akawun me ya ce game da ita?”

“Ina ruwanki da abin da ya ce? Ina wadda kika sata?”

Ya shiga ɗakinta ya binciko tukunyar da ta ɓoye ragowar, ya juye a kan tabarma. Ya farke buhun ya zazzage a kai. Ya tsaya a kanta, da tsohon cikinta, har ta tsince su ƙwaya-ƙwaya, jajaye dama, baƙaƙe hagu. Bature yana kwance a gefe yana kallon hannun uwarsa.

Buhun ya koma, sikeli ya karɓa. Sunan Nababa ya gyaru.

Yaron kuwa ya ƙi kunun gida, ya ƙi komai. Lidiya ta riƙa kawo ɗan wake da ƙwai a ɓoye, amma cikin ya riga ya daina riƙe abu. Ranar da idanunsa suka yi rawaya, ita ta saɓa shi a kafaɗa suka nufi asibitin sha-ka-tafi, Asama'u tana biye tana haki. Ba su kai bakin rafi ba Lidiya ta tsaya, ta sauke shi a hankali, ta kwance ɗankwalinta ta rufa masa.

* * *

Ranar sadakar uku mata suka cika gidan. Suka tambayi mai gida abin da za a dafa wa yara, ya nuna musu rumbu. Gyaɗa ce a ciki, mai yawa kuwa. Suka soya, hayaƙinta mai ɗoyi ya cika unguwa, suka daka, suka dama a babbar tukunya, suka ƙara tsamiya.

Asama'u tana zaune a ɗaki ta jiyo warin. Ta miƙe ta dafa ƙofa.

“Kada ku ba su! Don Allah ku zubar!”

“Allah sarki, zafin rashi ne,” in ji wata tsohuwa. Suka kama ta suka mayar da ita kan tabarma, suna ba ta haƙuri. Lidiya ta fizge kwano daga hannun 'yarta Helen, ta ja ta suka fita, wasu suna ta zunɗenta wai ta raina sadakar mutane.

Ta ƙofar da ba a rufe sosai ba, Asama'u tana ganin yaran unguwa a jere da ƙoƙunansu. Wata 'yar ƙarama ta kurɓa, ta yamutse fuska, ta ture.

“Shanye, sadaka ce,” in ji uwarta.

Ta shanye. Rana ta haska gashinta, mai laushi, ja-ja. Matar da ke riƙe da ludayi ta shafa kanta ta ƙara mata.

“Kai, tubarkalla! Ku ga kumatu. Ga mu da Baturiya kuma.”