Ragon Alhaji Jibrilla

Da na san abin da ragon nan zai jawo, da ban bari an sauke shi daga mota ba. Amma wa ke ganin balami fari fat a ƙofar gidansa, ana saura ƴan kwanaki Babbar Salla, ya tsaya tambaya?

Salman, direban Alhaji Jibrilla, shi ya kawo shi. Ya ce Alhaji na gaishe ni, in yi layya. Ni tela ne, shekara da shekaru ni ke ɗinka wa gidan Alhaji kayan Salla, don haka na ɗauka alherin sabo ne. Na shiga ɗaki na fito da tukwici na danƙa wa Salman a gaban maƙwabta, suna ta sa albarka.

Da la'asar ɗiyata Ummuhani ta iso bisa kabu-kabu daga Dogon Dutsi. Malamar lakwal ce, makarantar boko, kuma a zaɓen da ya wuce mutanen garinmu suka ɗora ta kujerar konseye a majalisar gari. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata.

Ta tsaya tana kallon ragon, ko gyale ba ta cire ba.

"Baba, wannan baƙon fa?"

"Na Alhaji Jibrilla ne. Ki dubi wuya, Uwata!"

"Ka ba da tukwici?"

"Yo ɗan wa nake da ba zan bayar ba?"

Ta zauna bisa turmi ta dafe kai. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar tana yi wa ɗan ajinta. Alhaji na son a ba shi filin bakin tabki, inda Fulani ke shayar da shanu tun kakanni, ya kewaye shi ya yi lambu. Bayan Salla konseyoyi za su ɗaga hannu a kan maganar.

"In na goyi bayansa, a ce rago ya saye ni. In na ƙi, a ce mun ci naman mutum mun juya mishi baya. Hannuna ka ɗaure da igiyar nan, Baba."

Lantana, uwarta, ta leƙo daga madafa. "Malam, dama na ce tun yaushe allura ta fara haifar balami?"

"Ke ba ki ce komi ba! Har dusa kika ba shi."

Ummuhani ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ba ta ce in maida shi ba. Ta san kyautar da aka ba tukwici ta zauna ke nan, maida ta zagi ne, kuma ta san bakin zaren abincinmu yana gidan wa.

Washegari na kwance ragon da kaina. Ban nemi amalanke ba, na ja shi ta tsakiyar kasuwa don wanda ya ga shigarsa ya ga fitarsa. Mahauta suna ta tsokana: "Tela, ya fi ƙarfin wuƙarka ne?" Ragon kuma yana turjewa kamar ya fi ni sanin al'ada.

Alhaji na zaune a zaure. Ya dube ni, ya dubi ragon.

"Malam Abdulmajid, kai na ba, ba konseye ba."

"Alhaji, Allah ya saka. Amma tukunya guda muke ci da ita."

"An ce har tukwici ka ba Salman."

"Na bayar. Kuskuren nawa ne, ni za a zaga, ba yarinyar ba."

Ya daɗe yana jan tasbaha. Daga baya ya ce in gaida gida, bai ce a kawo mini ruwa ba.

Ranar Salla ɗan akuya muka yanka, Ummuhani ta saya. Ta zaɓo mini hanta da hannunta tana cewa, "Ci, ɗana, ka sha tafiya."

A hanyar idi na ji kukan manyan raguna a gidajen da ban saba ji ba. Ba a zauna kan maganar filin ba tukuna. Ban san gida nawa Alhaji ya aika wa ba, ban kuma san hannu nawa za su tashi tare da na ɗiyata ba.