Alamar Fensir a Kan Ƙwan Mesa

A jihar Georgia ta Amurka labarin guguwar ya riske su. Harlan Beasley da matarsa Noreen sun je baje kolin masu kiwon macizai da ƙadangaru, motarsu cike da 'ya'yan mesa na sayarwa. Ranar da suka taso daga Florida, masu hasashen yanayi sun ce arewa za ta nufa. Ana tsakiyar ciniki ta karkata, ta sauka a kan garinsu, Arcadia, kamar wadda aka yi wa kwatancen gida.

Aka rufe hanyoyi, mai ya ƙare a gidajen mai. Suka maƙale a wani ƙaramin masauki na bakin titi, suna shigar da robobin macizai ɗaki a lulluɓe da bargo kada mai masaukin ya gani. Noreen takan ba su ruwa, ta duba ɗumin ɗakin, ta dafa musu kofi. Harlan kuwa sai kai da komowa tsakanin ƙofa da taga, waya a hannu.

"Tsoho, zauna mana," in ji ta. "Ka kusa huda kafet ɗin mutane."

"Da ban bar su ba."

"Da ka goya su a baya? Ƙwai ne, ba a yawo da su. Kai ka koya mini."

Ƙwan Clementine yake nufi. Clementine mesa ce irin ƙananan nan masu dunƙulewa idan sun tsorata, kuma ita suka fara saya a shekarar aurensu. Ba su sami haihuwa ba, ba su kuma taɓa cewa mesa ta maye musu gurbin ɗa ba, amma ita kaɗai ce take da suna a rumfar macizansu ta bayan gida. Ta tsufa har ta daina ƙwai. Bana kwatsam ta yi guda bakwai. Harlan ya jera su cikin na'urar ƙyanƙyasa, ya ɗauki fensir ya zana gicciye a saman kowanne, kamar yadda kowane mai kiwon macizai yake yi.

Da layin waya ya dawo, maƙwabciyarsu ce ta fara kira. Mis Odessa Crumpler ta haura saba'in, mijinta ya daɗe da rasuwa, kaji take kiwo tun tana yarinya. Ba ta taɓa wucewa ta gefen shingensu ba sai da fartanya a hannu, don tsoron macizai.

"Harlan, kai ne? Rufin rumfarka yana can cikin gonar lemun mutane."

"Ƙwan fa, Mis Odessa?"

"Ka ji shi! Ko ya tambaya ko ina da rai."

"Yi haƙuri. Kina lafiya?"

"Kajina sun ragu, ni ina nan." Sai muryarta ta sauka. "Na leƙa ta ƙofa. Babbar nan da kuke ji da ita, katakon rufi ya faɗa mata. Ba ta motsi, ɗan nan."

Noreen ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Harlan ya gyara riƙon wayar. Sannan ya roƙi tsohuwar abin da bai taɓa tsammanin zai roƙe ta ba. Wuta ta ɗauke, ruwa ya shiga rumfar, na'urar ta mutu. Ta taimaka ta shiga ta ɗauko akwatin ƙwan.

"Cikin macizan?"

"Suna cikin robobinsu a kulle. Ƙwan kuwa ba ya cizo."

"Idan na mutu a can, kai za ka ciyar da kajina."

Ya gaya mata komai. Ta sa su cikin babbar kula, ta kewaye su da kwalaben ruwan ɗumi, kada ya yi zafin da ake yi wa ƙwan kaza. Ta ajiye jiƙaƙƙen tsumma a gefe. Ta buɗe murfi su sha iska. Har inda ma'aunin zafi yake rataye ya kwatanta mata. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, bai kuma san bai faɗa ba, domin wanda ya shekara talatin yana yin abu ba ya ƙara ganinsa a matsayin ilimi.

Da aka buɗe hanya suka kamo gida. Itatuwa kwance, gidaje sanye da shuɗin tamfol, ko'ina warin ruɓaɓɓen ganye. Nasu gidan rabin rufinsa ya tafi, katifu sun sha ruwa. Suka binne Clementine ƙarƙashin bishiyar mangwaro, suka wanke hannu, suka tsallaka wajen Mis Odessa.

Ta tare su a kicin, janaretanta yana ƙara a baya. Kular tana kan tebur, an lulluɓe ta da bargon da ta saƙa da hannunta.

"Ga 'ya'yan Shaiɗanunku nan," ta ce, fuskarta kuwa sai walwala. "Ko jikokina ban yi wa wannan hidimar ba."

Harlan ya ɗaga murfin. Ɗumi daidai, laima daidai. Amma a saman kowane ƙwai, inda ya bar gicciye, da'ira ce ya gani, an zana ta da kyau.

"Na ga ka yi rabin aiki," in ji Mis Odessa. "Ka sa gicciye a gefe ɗaya ka manta da ɗayan. Ta yaya mutum zai san wanda ya juya? Sai na ƙara da'ira, kamar yadda nake yi wa na kaji. Safe da rana da yamma, ban taɓa tsallakewa ba. Ga laushi kamar tsohon takalmi, ina ƙyamarsu, amma na juya."

Ƙwan kaza, idan ba a juya shi ba, ɗan yakan manne ya mutu. Ƙwan maciji kuwa, ɗan yakan kafu a sama tun farko, idan aka kifa shi gwaiduwa ta danne shi. Gicciyen ba don a juya ba ne, don kada a juya ne.

Harlan ya ji Noreen ta matse masa hannu. Ya ce zai haska su. Ya ɗauki kular ya shiga ɗakin ajiyar abinci, Noreen ta biyo shi ta ja ƙofa. Cikin duhun, tsakanin kwalaben jam da gwangwanayen wake, ya riƙa ɗora bakin tocila a jikin kowane ƙwai ba tare da ya motsa shi ba. Huɗu sun yi rawaya, babu jijiya ko ɗaya. Uku sun haska ja, jijiyoyi sun bazu cikinsu kamar saiwa, a cikin ɗaya har wata inuwa ta ɗan motsa.

"Kada ka gaya mata," Noreen ta raɗa masa. "Ka san ana daina juya na kaji idan sun kusa ƙyanƙyashewa. Ka ce lokacin ya yi. Za ta daina, ba ta ji ciwo ba."

Dabara ce mai kyau, Harlan ya san da haka. Ƙwan dole su zauna a nan, gidansu ba rufi ba wuta. Ƙaryar za ta tsare ukun, ta kuma tsare zuciyar tsohuwa. Amma huɗun za su ruɓe a kan teburinta, ta yi ta tambayar kanta ko ruwan ne ya yi zafi, ko murfin ta manta. Ya kuma lura da wani abu da bai yi masa daɗi ba: ƙaryar shi ma tana rufa masa asiri. Ita ta yi abin da ta sani, ta yi shi da tsoro a ciki. Shi ne ya san abin da ya kamata, ya yi shiru.

Suka fito. Mis Odessa tana tsaye ta harɗe hannu.

"Na binne miji, Harlan. Na san irin wannan fuskar. Faɗi."

Ya ajiye kular a hankali. "Uku suna da rai, Mis Odessa. Da ba ki shiga ruwan nan ba, da babu ko ɗaya."

"Sauran fa?"

"Ba a juya ƙwan maciji. Ni ya kamata in gaya miki. Na gaya miki har inda ƙusa take a bango, na bar wannan."

Ta dubi hannuwanta, ta juya su, ta sake dubawa. Ta jawo kujera ta zauna.

"Safe da rana da yamma," ta ce a hankali. "Ina yi ina yi musu waƙa."

Noreen ta durƙusa kusa da ita. "Wace waƙa?"

"Ba ruwanki." Ta share ido da gefen rigar girkinta. "To yanzu sai mu mayar da su yadda suke, gicciye a sama?"

"A'a. Yadda suka kwanta yanzu, haka za su zauna har su fito." Harlan ya zaro fensir daga aljihun rigarsa ya miƙa mata. "Sai dai a ƙara wa alamar kauri, kada wani ya rikice. Da'irarki ce samansu yanzu."

"Ni kuma? Bayan abin da na yi?"

"Ke kika zana su. Kuma a gidanki suke."

Ta karɓa, ta gyara tabarau, ta sunkuya kan kular. Harlan ya nuna mata ukun da ɗan yatsa. Ta bi da'irar farko da bakin fensir, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

"Idan suka fito," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "ko ɗaya ba zai kwana a gidan nan ba."

"Ko ɗaya."

"Amma ka kira ni in gani. Daga bakin ƙofa."

Ta matsa zuwa na biyu.