Gayaunar Shafa'atu

A gidan marigayi Malam Sanda na Ƙarfi, komai da sunan Tanimu yake. Babur da sunansa, buhunan taki da sunansa, har layin wayar da ke hannun tsohuwarsu. Shi ne babba, shi ke riƙe da gandu, gonar gidan da kowa ke yi wa aiki. Shi ya sa da ƙanwarsa Shafa'atu ta fara tura gyare-gyarenta ta wani tsohon asusun intanet da ya buɗe ya watsar, ko a jikinta. Ai haka aka saba a gidan.

Abin da take gyarawa wata manhaja ce ta masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta, wadda ke tattara tarin fayilolinsu ta haɗa su shiri guda mai aiki. Ba mallakar kowa ba ce. Duk mai iyawa a duniya zai iya buɗe cikinta ya gyara, in jagororin aikin sun amince su shigar. Sai dai waɗanda suka ƙirƙire ta ba su san halin wutar lantarkin yankin Malumfashi ba. Ga batirin kwamfutar gidan ya daɗe da mutuwa, da an ɗauke wuta ana tsakiyar haɗi sai manhajar ta koma farko. Takaici ya ishi Shafa'atu, ta zauna damina guda ta koya mata ci gaba daga inda ta tsaya.

Gyaran ya karɓu. Jagororin suka aiko saƙon yabo, suka ce sun damƙa wa Tanimu wannan ɓangaren, duk wanda ya kawo gyara a cikinsa sai da amincewarsa. Saƙon ya faɗo a wayar Tanimu, mutumin da bai taɓa kwamfutar ba sai in zai ɗauke ta daga kan tabarmarsa. Kafin Shafa'atu ta dawo daga kai abinci gona, duk majalisa ta ji an naɗa shi babba a ƙasar waje. Lambar sirrin ma ya canza ta.

Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta kai ƙara wurin Baffa Labo, ƙanin mahaifinsu. Ya tara su a zaure bayan azahar.

"Da me aka sayi injin nan?" in ji Baffa.

"Masarar gandu," Tanimu ya yi caraf ya amsa.

"To ai magana ta ƙare. Aikin gandu ne."

Shafa'atu ta gyara mayafi. "Baffa, yaushe ake tashi daga aikin gandu?"

"Da azahar mana."

"Daga nan fa?"

"Kowa ya nufi gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa."

"Ni ba a taɓa yanka min ko taku ɗaya ba. Sai na gama girki da kai abinci nake zama, bayan la'asar. Wannan ita ce gayaunata, Baffa, kuma amfaninta sunana ne kawai. Shi Yaya ya ɗauke."

Baffa Labo ya daɗe yana shafa gemu. Ya san ta kama shi, amma tsoho ba ya son a ga ya juya a gaban yara. Ya ce abin da ya riga ya shiga da sunan Tanimu ya shiga. Wanda ta noma nan gaba da sunanta kuwa, babu mai taɓa mata.

Ta ɗauko kwamfutar ta dire a gaban yayanta, har da wayar cajin, ta naɗe masa ita tsaf.

Washegari ta hau babur zuwa Malumfashi, shagon buga takardu na ƙawarta Ladidi, ta ari kwamfuta. Ta buɗe sabon asusu: Shafa'atu Sanda Ƙarfi. Ganin shafin fayau babu aiki ko ɗaya ya yi mata ciwo, har sai da ta share ido. Amma ita ta gina ɓangaren nan, ta san inda yake yoyo. Ta yi ta zirga-zirga zuwa shagon har ta toshe yoyon, ta tura gyaran.

Ranar Juma'a da hantsi tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, tsohuwa na gefe, sai ga Tanimu da waya a hannu yana susar ƙeya.

"Shafa, wai an ce in duba wannan. Ga kore ga ja."

"Aikin wane ne?"

Ya yi wani gunguni.

"Ban ji ba, Yaya."

"Shafa'atu Sanda Ƙarfi," ya karanta da ƙarfi. Tsohuwa ta ɗago kai. "To wanne zan danna?"

"Gandunka ne, ka fi ni sani. In ka danna ja, sai ka rubuta musu dalili. In ka danna kore, sunana ya shiga da hannunka, kuma babu mai goge shi."

Ta ci gaba da ɓararta. Can wayar ta yi ɗan ƙara, ya danna kore.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta watsa gyaɗa a faranti ta ce, "Ka bar wayar da caji, Yaya. Akwai wani gyaran gobe."