Hular Kwanon Tavon

Da Tavon ya buɗe ido, Madam Loretta na durƙushe a kansa tana tambayarsa yau wace rana. Ya ce Asabar. Duk wasanninsu ranar Asabar ake yi, ba sai ya tuna ba.

Ita ce mai duba lafiyar 'yan wasan ƙwallon kwalejin, irin ƙwallon da ake karo da juna sanye da hular kwano. Ta kai shi benci, ta haska idonsa da tocila, ta cire masa hular kwano ta tafi da ita. Haka suke yi wa wanda ya bugu a ka: a ɓoye hular, don ba mai shiga fili babu ita.

Wasan ƙarshe ne na kakar bana, kuma na ƙarshe gare shi, don bana yake gamawa. Tun farkon kaka ba su ci kowa ba. 'Yan kallo sun ragu, masu busa ƙaho ma busawa kawai suke yi. Tavon ya daina jin ciwon hakan tuntuni.

Bayan hutun rabin lokaci ya hango babansa yana hawa matakala da rigar aikinsa ta gareji. Tun daga garin Selma ya tuƙo, bai taɓa ganin ɗansa a filin kwaleji ba. Ya yi latti. Ya zauna, ya ɗora hannu a goshi yana neman lambar ɗansa cikin masu gudu.

Jarvis, ƙaton da suke kira Buhu, ya zauna kusa da shi har bencin ya yi ƙara. Ya ce ai tsohon ya iso, ya tura masa hularsa da ƙafa.

“Sa tawa, ɗan ƙauye. Kanka dama ba komai a ciki, me zai fashe? Koci ba ya kallo, waya yake latsawa yana neman wani aikin.”

Tavon ya sa. Ta yi masa yawa, tana warin zufar wani. Ya miƙe ya je bakin layi. Fitilu sun yi masa biyu-biyu. Ya dubi masu jan kaya, ya dubi masu fari, bai san waɗanne ne nasu ba, sai da ya sunkuya ya duba ƙirjinsa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya cire hular ya mayar wa Buhu. Madam Loretta ta gani daga nesa, ta ci gaba da naɗe bandeji.

An tashi, an sake cinye su. Baban ya sauko bakin shingen waya da ya kewaye filin, ya ce taya ce ta fashe masa a hanya.

“Na yi ta nemanka, ɗana. Ka buga kuwa?”

“Na buga, Baba.”

“Ya ya kasance?”

Tavon ya nemi abin a kansa, bai samu ba. Ya juya ya kira Buhu ya zo ya ba tsohon labari.