Babban Yatsan Inna

"Miƙo min tawadar," in ji Inna, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, tana ƙoƙarin tashi zaune a kan katifa.

Na miƙa mata. Ni ce mai rubuta mata wasiƙa tun da aka kama ɗanta a yaƙi, ita kuma ta dangwala babban yatsa a ƙasa. Akwai tsohon yankan wuƙa a yatsan, yakan bar farin layi a tsakiyar tawada. Ɗan ya taɓa rubutowa cewa layin yake fara dubawa. In ya gan shi, ya san tana raye.

Amma ranar ba ta ce in rubuta komai ba. Sai ta zaro takardu daga ƙarƙashin matashi, irin waɗanda ofishin agaji ke ba iyalan fursunonin yaƙi, ba rubutu ko ɗaya. Ashe abin da take yi wa zarya ke nan, ni kuwa ina leƙenta ta taga, har ina tsokanarta ko saurayi ta yi.

Ta shiga dangwala su ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tana haki. Ni da bakina ba ya shiru, na tambaye ta na mene ne.

"Ke dai kin cika tambaya, 'yar nan. Duk wata ki cika ɗaya, ki ce ina lafiya, ƙafa ce kawai ke damuna. In ya ji mutuwata a can, wa zai rarrashe shi?"

Na ce ƙarya fa za ta sa ni. Ta ce ai ciwon ƙafar gaskiya ne.

Ba a yi mako ba ta cika, da hantsi, surukarta, matar ɗan, na riƙe da hannunta, tawadar ko gogewa ba ta yi ba. Na yi kuka fiye da yadda na zata.

Na cika ta farko na aika. Da amsa ta zo, a ƙasa ya rubuta: "A ce wa Inna ta riƙa dannawa da ƙarfi, da ƙyar na ga layin."

Na baza sauran a kan tabarma, na jera su, masu duhun tawada a sama. Ta can ƙasa, sai da na ɗaga ta saitin taga kafin na ga yatsan.